Ɗan kwantiragi da yara 87 da littafi 9: ta ina malamin Ingilishi zai ƙaru?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kwantiragi ne, shekarata ta biyu ke nan ina koyar da Ingilishi a wata kwaleji ta karkara a yankin Mirya. Lisans na yi a jami'a, amma ban taɓa samun horon koyarwa ba. Ranar da na kai takardata, ranar aka miƙa mini alli. Ajin siziyam ɗina, wato ajin farko na kwaleji, yara 87 ne, littafi 9 gare mu, kuma ni kaɗai ne malamin Ingilishi a makarantar. Don Allah wane littafi ko wane shafin intanet za ka ba ni shawara in riƙe? Wane kwas zan yi da zai amfane ni? Sannan ina jin Ingilishin nawa ma tsiyayewa yake yi, tunda ba ni da wanda zan yi magana da shi."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa aiki albarka.

Tambaya uku ka yi a cikin ɗaya: ta kayan aiki, ta kwas, sai ta ƙarshe da ka liƙa a wutsiyar wasiƙa kamar wanda ya tuna da ita bayan ya sa takalmi. To ni wannan ta ƙarshen ce zan ɗauko in sa a gaba, domin ita ce uwar sauran. Na daɗe da alli a hannu a kwalejoji da lise na jihar nan ta Damagaram a Nijar, daga baya na yi yawon shiga azuzuwan wasu malamai a matsayin konseye, wato mai ba malamai shawara, ina zama a bencin baya ina kallo. Abin da na gani a wannan yawo shi ne, malamin da bakinsa ya saba da harshen yakan fitar da darasi ko da allo da alli kaɗai, wanda kuwa harshen ya yi masa nauyi, ko ka cika masa kabad da littattafai, ɓuya zai yi a bayan nahawu yana bayani da Faransanci har a kaɗa ƙararrawa.

Yadda muka tsinci kanmu a nan

Kada ka ɗauka kai ne ka gaza. Yaron da ke zaune gabanka a siziyam ya yi shekara shida a firamare da Faransanci, harshen da ba ya ji a gida, ba ya ji a kasuwa. Ingilishi ya zo masa na uku. In ɗan Barebari ne, ko Bafulatani, ko Buzu, na huɗu ke nan. Malamin kuma, tun ƙarshen shekarun 1990 da ƙasa ta koma ɗaukar ƴan kwantiragi don a cike azuzuwan da ake ta buɗewa, sau da yawa daga bencin jami'a yake faɗawa gaban allo, kamar yadda ya faru da kai. A da can akwai ƴan sa-kai na Amurka, ƴan Peace Corps, waɗanda suka fara zuwa Nijar a 1962, kuma koyar da Ingilishi ne aikin rukunin farko. Sun tattara sun bar ƙasar a watan Janairun 2011 saboda matsalar tsaro. Ba wai sun fi mu iya koyarwa ba ne, yawancinsu matasa ne da ba su taɓa riƙe aji ba, amma malamin ƙauye yana samun wanda zai yi hira da shi da yamma, kuma wannan hirar ita ce horon da ba a rubuta a takarda ba.

A gefe guda kuma buƙatar harshen ƙaruwa take yi. Kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka fitar a watan Maris na 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 a kan hanyar Tanut ta nuna wa samarinmu cewa in ka haɗu da Basine a wurin aiki, da Ingilishi za ku fahimci juna. Kano kuwa ba sai an faɗa ba, kakanninmu ma can suke fatauci.

Kuma halin da kake ciki ba sabo ba ne a duniya. Wani Bature ɗan Ingila, Michael West, wanda ya daɗe yana horar da malamai a Dhaka ta ƙasar Bangal, ya fitar da littafi a 1960 kan koyar da Ingilishi cikin mawuyacin hali. Ajin da ya siffanta shi ne yara cunkushe a benci, ƙarfinsu ba ɗaya ba, ga zafi, ga malamin da shi kansa harshen bai zauna masa ba. Abin dariyar, shi yara talatin zuwa hamsin yake kira cunkoso. Da ya leƙo ajinka da ya sake lissafi.

Fara da bakinka da kunnenka

Harshe kamar rijiya yake, in ba a ja sai ta ƙafe. Kai kullum Ingilishin siziyam kake yi, jimla mai kalma biyar, sau ɗari a mako, don haka dole na jami'a ya yi barci. Maganinsa ba mai tsada ba ne, amma yana son naci.

Ka ware minti ashirin kullum, bayan sallar asuba ko bayan isha'i, lokacin da ba mai nemanka. Ka ɗauki sauti guda ɗaya gajere, na minti uku ko huɗu, wanda yake da rubutunsa. Shirye-shiryen BBC Learning English suna da irin wannan, haka ma tsofaffin shirye-shiryen koyon Ingilishi na Muryar Amurka, waɗanda tun 1959 aka gina su a kan kalmomi kusan 1500 kuma ake karanta su a hankali. Ka saurara sau ɗaya ba ka kallon rubutu. Ka sake saurara kana kallo. A karo na uku ka riƙa bin mai maganar da bakinka, a bayyane, kamar yadda almajiri ke bin malam a karatun allo, kana kwaikwayon inda ya ɗaga murya da inda ya sauke. Sannan ka naɗi muryarka a salula kana ba da labarin abin da ka ji da kalmominka, ka saurari kanka. Ba daɗi, na sani. Ranar farko da na ji muryata a kaset sai da na kashe rediyon. Sauti ɗaya ya ishe ka kwana uku. Kuskuren da ƴan'uwanmu ke yi shi ne su saurari abu goma sau ɗaiɗai, alhali abu ɗaya sau goma ne ke zama a baki.

Sai karatu. Ba littafin nahawu nake nufi ba, littafin labari, wanda za ka fara ka gama. Marubutan Najeriya da Gana sun fi sauƙin shiga, tunda duniyar da suke ba da labarinta ka san ta: gona, sarki, kishiya, ɗan sanda a kan hanya. Ka ajiye kaye guda, wato littafin rubutu, kada ka rubuta kalma ita kaɗai, ka kwafe jimlar da ta zo a ciki gaba ɗaya.

Akwai wani Ingilishi kuma da jami'a ba ta koya maka ba, shi ne na tafiyar da aji: ku buɗe shafi kaza, ku zauna bibbiyu, wa ya gama, sake faɗa da ƙarfi, saura minti biyu. Ka zauna ka rubuta irin waɗannan jimloli ashirin ko talatin, ka haddace su har su riƙa fita ba tunani. Yaran da suka ji su kullum tun daga watan Oktoba, kafin hutun Disamba sun san su ba wanda ya rubuta musu a allo. Wannan ne Ingilishi na gaske na farko da za su ji ana amfani da shi don a yi wani abu.

Batun wanda za ka yi magana da shi, ka nemi abokin karatunka ɗaya na jami'a da ke koyarwa a wani gari, ku yi alkawari: saƙon murya na WhatsApp tsakaninku da Ingilishi kaɗai, ko da zancen tsadar hatsi ne. Mutum ɗaya ya fi guruf. Guruf ɗin malamai na WhatsApp, mun sani, kwana uku ake Ingilishi, daga nan sai barka da Juma'a da sanarwar ɗaurin aure.

Kayan aiki

A nan zan taƙaita, domin abin da ke akwai kyauta ya fi ƙarfin abin da za ka iya amfani da shi. Mujallar English Teaching Forum, wadda gwamnatin Amurka ta fara fitarwa tun farkon shekarun 1960, malamai ne irinka daga ƙasashe daban-daban suke rubuta ta, kuma ana sauke tsofaffin fitowarta kyauta. Shafin TeachingEnglish na British Council yana da tsararrun darussa da bayanai kan manyan azuzuwa. Don gajerun labarai na yara, ka duba African Storybook, wanda wata ƙungiya ta Afirka ta Kudu ta kafa: labarai ne na Afirka masu hoto, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, da yawa akwai su da Ingilishi da Hausa da Faransanci, kuma an yarda ka kwafa ka gyara. A cikin garin Damagaram an buɗe American Corner kamar yadda aka buɗe a Maraɗi da Agadas, sannan ga sashen Ingilishi na Jami'ar André Salifou, inda malamanka na da suke. Ka riƙa kai musu gaisuwa. Tsohon ɗalibin da ya zo da tambaya ta gaske daga aji, ba malamin da zai kore shi.

Sai dai in gargaɗe ka da wata cuta, cutar tara fayil. Na sha ganin malami da memori cike da littattafai ɗari biyu da aka tura masa ta Xender, bai buɗe ko biyar ba. In ka shigo gari inda rezo yake da ƙarfi, ka sauke abu uku kacal waɗanda ka san ajin da za ka kai su da ranar da za ka kai su. Kuma duk darasin da aka tsara a Landan don yara goma sha biyu masu kwamfuta, ba a kai shi aji yadda yake. Ka ɗauki dabarar, ka zubar da sauran. In darasin ya ce a yi zancen tashar jirgin ƙasa, kai ka yi na tashar mota ranar Alhamis, ranar kasuwar Dole ta garin Damagaram.

Littafi 9 ga yara 87 kuwa, ka daina kallonsa a matsayin littafin kowane yaro. Ka raba ajin rukuni tara, kowane rukuni da littafinsa da shugabansa, kuma rukunin ya zauna haka har ƙarshen zango don kada kullum a ɓata minti goma wajen jan benci. English for the Sahel, da aka daɗe ana aiki da shi a kwalejojinmu, ya tsufa a wasu wurare, amma yana da abin da littattafan waje ba su da shi: sunaye da garuruwa da abincin da yaro ya sani. Nassin da za a karanta tare, ka rubuta shi da manyan baƙaƙe a bayan buhun siminti da aka buɗe ko a farin buhun shinkafa, da maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki, ka rataye. Rubutu ɗaya zai yi maka shekara uku, kuma minti goma sha biyar da kake ɓatawa kana kwafe nassi a allo, bayanka ga yara suna jifar juna, sun dawo hannunka. In ajin naka na zana ne, buhun ma ya fi allo, tunda kana naɗe shi ka tafi da shi gida. Ƙaramar sifika mai caji da ake haɗawa da salula, ta ƴan jikkuna kaɗan, ita ce abu ɗaya da zan ce ka saya da kuɗinka. Da ita yara za su ji wata murya ban da taka.

Manhajojin nan masu amsa tambaya, irin su ChatGPT, suna da amfani wajen abu guda: ka ce su rubuta maka nassi mai kalma tamanin kan ranar kasuwa, da kalmomin da ka riga ka koyar. Amma ka karanta da idon malami kafin ka kai aji, domin sukan sa wa yaron Mirya cuku da tuffa a kwandon cefane.

Hausa a cikin ajin Ingilishi

A nan ne nake saɓawa da wasu abokan aikina, kuma zan faɗi ra'ayina a fili. An koya mana cewa harshen gida haramun ne a aji, in bayani ya cije a koma Faransanci. Na bi wannan shekaru, sai na lura ina fassara abin da yaro bai sani ba da abin da bai gama sani ba.

Ɗauki misalin da ke wahalar da kowane ɗan siziyam da sankiyam, bambancin "I write" da "I am writing". Faransanci kalma ɗaya gare shi ga duka biyun, "j'écris", don haka in ka bi ta Faransanci sai ka yi ta zagaye. Hausa kuwa ta raba su tun fil azal: "nakan rubuta" da "ina rubutu". Ka rubuta waɗannan biyun a gefen allo, ka sa na Ingilishi a ƙarƙashinsu, cikin minti biyu an wuce wurin. Haka kalmomin da Hausa ta ara daga Ingilishi ta hanyar Najeriya: tebur, bokiti, mota, burodi, makaniki, direba. Ranar farko ta siziyam nakan ce wa yara su kawo mini irin waɗannan kalmomi, mu cika allo, sannan in ce musu, to ga shi kun zo da Ingilishinku daga gida. Fuskokinsu kan canza.

Sanin harsunan biyu kuma shi ke gaya maka daga ina kuskure ya fito, kuma wannan rabin gyara ne. Yaron da ya ce "I have fifteen years", Faransanci ne ya ja shi. Wanda ya ce "he is drinking cigarette" ko "I hear the smell", Hausa ce, shan taba da jin wari. Wanda ya kira kantin littattafai "library", ya faɗa ramin kalmomin da suka yi kama a Faransanci da Ingilishi amma ma'anarsu ta bambanta. A lafazi, namu na Hausawa sananne ne: "p" da "f" suna cakuɗe mana, "v" ta koma "b", kuma mukan cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, shi ya sa "school" ke zama "sukul". Faransanci kuma ya koya musu haɗiye "h" ta farkon kalma, alhali a Hausa suna furta ta lafiya lau a "hannu" da "hanya". Ka tuna musu da hannu, "h" ta dawo. Ka buɗe shafi a kayenka, duk kuskuren da ya maimaitu a kwafin dabuwar ka rubuta shi da inda ya fito. Bayan shekara guda kana da littafin da ba a sayar da shi a ko'ina, kuma ya fi dacewa da ajinka fiye da duk wanda zan ambata maka.

Amma da sharaɗi. Hausa gishiri ce a wannan miya. Ka shiga da ita don buɗe wata ƙofa, ka fito nan da nan. In ka wayi gari rabin sa'arka Hausa ce, ka koma gidan jiya, sunan harshen kawai ka canza. Kuma in akwai yaran da Hausa ba harshen gidansu ba ce, ka tambaye su yadda ake faɗa a nasu, kada su ji an mai da su baƙi.

Kusan kowane aji a yankin nan, musamman wajen Magarya da Matamaye da Dungas, ba ya rasa yaro ɗaya ko biyu da suka zauna a Najeriya suka dawo da Ingilishi a baki, wani lokaci buroka. Sabon malami yakan ji tsoronsu, ko ya riƙa ƙasƙantar da su don kare girmansa. Kada ka yi haka. Ka naɗa su shugabannin rukuni. Ka nuna musu cewa buroka harshe ne mai zaman kansa da ake ciniki da shi daga Kano har Legas, amma ba shi ake rubutawa a BEPC, jarrabawar kammala kwaleji, ba.

Ido na biyu

Yanzu ga abin da na fi yarda da shi a duk harkar ƙarin sani na malami. Mutum ba ya ganin ƙeyarsa. Akwai abubuwan da kake yi a aji kullum waɗanda ba ka san kana yi ba, kuma ba littafin da zai gaya maka, sai wanda ya zauna a baya ya gani.

Ni abin da ya canza mini koyarwa ba taro ba ne. Wani abokin aikina ne, malamin lissafi, wanda ko gaisuwa bai iya da Ingilishi ba. Na roƙe shi ya zauna a ajina da agogo da takarda, ya yi abu biyu kawai: ya auna tsawon lokacin da nake magana, ya kuma sa alama a zanen benci duk inda na tambayi yaro. Da aka tashi ya miƙo mini takardar yana murmushi. Kusan duk sa'ar ni ke magana, kuma alamomin sun taru a benci biyu na gaba, ɓangaren maza. Ƴan matan da ke jikin bango ko ɗaya ban kira ba, kuma da an tambaye ni da na rantse ina zagaya ajin. Ka ga wannan aikin ba ya buƙatar mai jin Ingilishi. Don haka zamanka kai kaɗai a makaranta ba hujja ba ce. Malamin Faransanci ma ya fi kusa, tunda shi ma harshe yake koyarwa, matsalarku ɗaya. Ka shiga nasa, ya shiga naka. Sharaɗin kawai shi ne a yarda tun farko cewa abin da aka gani ba ya zuwa kunnen direkta, kuma mai kallo abin da ya gani zai faɗa, ba hukunci zai yanke ba.

A tsarinmu na sakandare akwai abin da ake kira UP, wato haɗuwar malaman fanni ɗaya don su tattauna aiki. A inda ta mutu, abin da ya kashe ta shi ne an mai da ita wurin raba jadawali da sa hannu a takarda. Tunda kai kaɗai ne a makarantarka, ka nemi malaman Ingilishi na kwalejoji biyu ko uku mafi kusa, ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, ranar kasuwar da duk kuke zuwa, ko da a gindin bishiya ne da butar shayi. Kowa ya zo da abu ɗaya da ya gwada ya yi kyau da abu ɗaya da ya ƙi. Mutum ɗaya ya koyar da darasin minti goma sha biyar, sauran su zama yara. Ku yi musayar buhunan nassi. Ku tara tsofaffin takardun jarrabawar BEPC ku warware su tare, domin a nan ne za ka gane abin da ake nema daga ɗan turwaziyam, ajin ƙarshe na kwaleji, tun yana siziyam. Ku yi taron da Ingilishi, ko da ana tuntuɓe.

In konseye ko sufeto ya zo, kada ka yi masa darasin biki wanda ka riga ka maimaita da yara jiya. Muna ganewa tun daga hannu na farko da aka ɗaga. Ka koyar yadda ka saba, sannan ka riga shi tambaya: Malam, ga inda nake cijewa, me ka gani? Na zauna a wancan bencin, kuma malamin da ya yi mini haka shi nake komawa wurinsa da littafi a jaka.

Daga nan sai ɗan binciken aji, wanda sunansa ya fi shi girma. Ka ɗauki tambaya guda ƙarama, misali me ya sa ƴan baya ba sa buɗe baki. Kafin ka nemo magani, ka tambayi yaran, su rubuta amsa a guntuwar takarda ba suna, da harshen da suka ga dama. Na taɓa yin haka ina zaton kunya ce, sai na tarar yawancinsu ba sa jin muryata ne saboda hayaniyar ajin da ke maƙwabtaka da mu, zana ce kawai tsakani. Maganin ya zama in riƙa tsayawa a tsakiyar aji. Ka canza abu ɗaya, ka ba shi mako uku, ka sake tambaya.

Kwas da takarda

Ka raba abu biyu a ranka: takardar da za ta ɗaga matsayinka a aikin gwamnati, da ilimin da zai gyara ajinka. Ta farko hanyarta ta ƙasa ce, ta École Normale Supérieure da ke Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, inda ake horar da malaman sakandare da konseye da sufetoci. Ka sa ido kan sanarwar konkur, wato jarrabawar shiga, ta hannun ofishin ilimi na jiha, ka ajiye takardunka a shirye cikin jaka guda, domin sanarwa kan iso ƙauye wa'adi ya kusa cika.

Na waje kuwa, biyu ne aka fi sani, duka na Cambridge. TKT jarrabawa ce ta sanin dabarun koyarwa, kashi-kashi, kowane kashi tambaya 80 cikin minti 80, ba a kallon koyarwarka. Ko ba ka zauna jarrabawar ba, littafin shirya mata yana da amfani ga wanda bai taɓa samun horo ba, domin zai ba ka sunayen abubuwan da kake yi da ka. CELTA kwas ne na kusan sa'a 120 wanda a ciki ake kallonka kana koyarwa na sa'a 6. Yana da kyau, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin albashin ɗan kwantiragi nesa ba kusa ba, kuma an gina shi ne a kan ƙananan azuzuwan manya. Ban ga dalilin da za ka ci bashi dominsa yanzu ba. Darussan kyauta na intanet da British Council ke buɗewa lokaci-lokaci sun ishe ka, in ka ɗauki ɗaya ka gama shi. Ƙungiyoyin malamai na duniya, TESOL da aka kafa a 1966 da IATEFL a 1967, da ta nahiyarmu Africa ELTA, sukan yi laccoci ta intanet waɗanda ba a biya. Duk wanda kuma ya ce ka turo kuɗi ya ba ka satifiket na ƙasa da ƙasa cikin kwana uku, takardar ƙunsa ƙosai zai sayar maka.

Formasiyon da ake kira a gari na kwana uku ko biyar, in an kira ka ka je. Sai dai mu faɗi gaskiya tsakaninmu, da yawanmu kuɗin zama muke zuwa karɓa, a dawo da jaka da bik, Litinin a ci gaba da yadda aka saba. Ka ɗaure wa kanka cewa duk taron da ka je za ka fito da abu ɗaya da za ka gwada a makon da ka koma, ka kuma kai shi haɗuwarku ta wata.

Akwai abin da duk wannan ba zai gyara ba. Ba zai rage yara 87 su koma 40 ba, ba zai kawo albashi a kan kari ba, kuma cikin ajin nan akwai waɗanda suka iso siziyam ba sa iya karanta jimla ko da Faransanci. Waɗannan ba za ka ɗauke su kai kaɗai ba. Abin da na ga yana ɗan taimako shi ne a fara musu da baki kafin rubutu, a kuma haɗa kai da malamin Faransanci kan haruffa da sautinsu a watannin farko. Wasu za su kama, wasu ba za su kama a bana ba. Sannan shawarwarin nan daga azuzuwan jihar Damagaram na tsinto su, kai ne mai ɗaki, kai ka san inda yake maka yoyo. Watan Afrilu da Mayu, sa'ar ƙarshe kafin azahar, ko ni ban taɓa samun aikin rukuni ya tafi daidai ba, waƙa da karatun baki ɗaya nake komawa.

In za ka shigo gari ranar Alhamis mai zuwa, ka taho da memorinka da kayen kurakuran nan ko da shafi ɗaya ka cika. Ka sauke sauti biyar masu rubutu, su ne na mako biyu, da labari uku daga African Storybook, matakin farko da na biyu. Ka biya Dole ka sayi maka baƙa guda biyu, mai kaurin baki, domin siririyar ba a ganinta daga benci na bakwai.